Keke Mai Ƙafa Uku a Tsohon Layin Dogo

Kwanana uku a Guangzhou na gane yarinyar nan ta shirya guje mini. Ba da bakinta ta faɗa ba. Jakunkuna biyu na gani a bayan ƙofar ɗakinta a Panyu, da wani abu a naɗe kamar tabarma, ga keke a baranda an wanke shi tas.

"Tafiya za a yi ne?" Bango na kalla na yi tambayar, don haka na saba yi mata magana.

"Kwana huɗu ne kawai, Yaya. Na ɗauki hutun tun kafin a ce za ki zo. Hajiya Rabi za ta riƙa zagayawa da ke kasuwa."

Yaya take ce mini. Ita ce 'yar farina, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ranar da aka yaye ta mahaifiyata ta goya ta ta tafi da ita. Can ta tashi tana ce mata Inna, ni kuma ta bi bakin ƙannena. Ko a ajin yaƙi da jahilci, ran da malama ta ce kowacce ta rubuta sunayen 'ya'yanta, layin farko na bar shi fari na fara daga na biyu. Malama ta ja mini jan biro a wurin. Ban yi mata bayani ba.

Shekararta shida a China. Karatu ya kai ta, da ta gama ta zauna tana yi wa 'yan kasuwarmu tafinta. Inna ta rasu shekara biyu da suka wuce, tun daga nan ba ta sake tako Kano ba. Wata rana ƙanwarta ta tambaye ta a waya yaushe za ta zo, ina bakin murhu ina jin amsar. Cewa ta yi, "In zo wurin wa?" Maganar nan ce ta sa na bi Hajiya Rabi, maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi mai sarin labule, da sunan zan taya ta zaɓen kaya. Kwana goma gare ni. In aka cire huɗu, sauran ma wurin aiki za ta yini, sai in koma yadda na zo.

Na ce, "Da ni za a tafi."

Ta juyo ta dube ni. "A keke ne fa, Yaya. A tanti ake kwana."

"An ji."

Hajiya Rabi ta yi dariya har da riƙe ciki. "Asabe, mutane na zuwa ƙasar nan su cika kwantena, ke kin zo tuƙa keke. Ke da acaɓa ma sai an riƙe miki hannu." Abin da ba ta sani ba, mahaifina leburan layin dogo ne, mai bin layi da guduma yana duba ƙusoshi, kuma yana da wani baƙin keke. Ina shekara goma na sace hawansa a bayan tasha har na iya. Sai dai shekara talatin da bakwai ba wasa ba ne. Da na gwada nata a tsakar gidan, sau biyu ina faɗawa cikin furannin mutane, wasu tsofaffi na zaune suna tafa mini.

Saboda haka da motar kaya ta sauke mu a bayan gari, inda hanyar ta fara, sai ta kai ni wurin mai hayar kekuna. Ta ce masa lawban, wato maigida, suka yi ta yarensu. Ya turo wani mai ƙafa uku da akwati a baya, irin wanda nake ganin tsofaffin mata na dakon kwalaye da shi a titin Huanshi Lu. Ya bubbuga sirdin yana ɗaga mini babban yatsa. Ta ce wai sabo ne, ba ya ba da matsala. Ba mu yi nisan da za mu daina hango rumfarsa ba sarƙar ta zame. A ranar kaɗai sau biyar ta zame, har na koyi mayar da ita ba tare da na nemi taimako ba.

Hanyar kuwa abin kallo ce. Tsohon layin jirgi ne da aka daina bi. Ni a sanina layi in ya mutu ciyawa ce ke cinye shi, 'yan gwangwan su kwashe abin da ya kwasu. Su sai suka shimfiɗa jar kwalta a kai, suka mayar da katakon layin kujeru. Wani wurin sun bar ƙarfen a gefe yana bin mu, sai ya nutse cikin ƙasa, can gaba ya sake fitowa. Da sassafe muka riƙa cin karo da tsofaffi, wani na tafiya da baya-baya, wata na tafa hannu ita kaɗai, wani ya naɗe singileti ya bar tumbi a waje. Matan da ke kan keke sun rufe fuska da hannu da wuya saboda rana, ido kawai ake gani. Na ce a raina, ashe ni ce marar lulluɓi a hanyar nan. Duk wanda ya wuce sai ya ce nihaw, wato sannu, wasu su ɗaga waya su ɗauke ni hoto. Ban ji haushi ba, ni ma da na iya da na ɗauke su.

Zafin ne ban gane kansa ba. Na ɗauka mutumin Kano ba a yi masa barazana da rana. Amma namu zafin busasshe ne, in ka samu inuwa ka tsira. Nasu kamar an kifa maka tukunyar dambu a ka. Inuwa da rana duk ɗaya, gumi ya fito ya zauna a jiki ba ya bushewa. Na jiƙa tsumma na naɗe gorar ruwana, yadda muke yi a gida ruwa ya yi sanyi kamar na randa. Bayan awa guda tsumman na nan sharkaf, ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri. Na sake jiƙawa, a zatona ban zuba da yawa ba ne. Ita dai tana kallona. Ga wasu ƙwari a bishiyoyi masu ƙara kamar injin markaɗe, sun fi gyare nesa ba kusa ba. Na tsaya na leƙa har na ga ɗaya, bai wuce babban yatsana ba.

Kafin magariba muka kafa tanti a bakin wani tafkin kifi. Ta kunna ɗan risho ta dafa taliya, na zuba dambun naman da na zo da shi da yaji. Ta ci cokali biyu ta tsaya.

"Irin na Inna ne."

"Ita ta koya wa kowa," na ce da rishon.

Tantin ɗan ƙarami ne, dole bayana ya taɓa nata. Sai da asuba, ina jin numfashinta, na lissafa cewa rabon da mu kwana wuri ɗaya tun tana shan nono.

Rana ta biyu ta nuna mini tsarinta a waya. Ita ta shirya a yi tafiya daga asuba zuwa hantsi, a fake, sai la'asar a ci gaba. Haka take isa kowane zango kafin rana ta take. Amma nawa keken tafiyar kunkuru yake yi, hantsi ya same mu ko rabi ba mu yi ba. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta kwashe tanti da tukunya daga akwatina ta ɗaure a nata, har keken ya koma kamar jakin fatake. Muka ratsa gonakin ayaba, da garken agwagi da suka tare hanya sai da mai su ya zo da gora. Wani manomi ya tsayar da mu ya karyo reshe guda na wani ɗan itace mai jan ɓawo, cikinsa fari kamar ido, zaƙi har ka. Na ce shiye-shiye, yadda aka koya mini godiya. Ya nuna rana, ya nuna kaina, ya kaɗa hannu, alamar mu bar hanya. Na yi murmushi kawai.

A gefen layin akwai 'yan duwatsu masu lamba. Rubutunsu ba na iya karantawa, amma lambar irin tamu ce, sai na riƙa karantawa a fili ina jin daɗi. Can muka wuce wani dogon ƙarfe mai hannu ɗaya, ya yi tsatsa.

"Sigina," na ce. "Baba yakan ce duk inda ka ga wannan, tasha na gaba kaɗan. Inda tasha take kuma akwai ruwa, don jirgin da ba ya tafiya sai an shayar da shi."

Ta rage gudu ta jero da ni. "Inna ba ta taɓa ba ni labarin aikinsa ba."

Sai na ba hanya labari, ita kuma tana saurare. Yadda yake gane sakakkiyar ƙusa daga ƙarar guduma, da yadda muke kai masa fura a ƙwarya mu zauna a kan layi mu kara kunne. Ba mu daɗe ba kuwa sai ga tashar, an mayar da ita shagon shayi. Ta dube ni ta yi dariya. Ranar na fara ganin tana da wushirya irin ta mahaifinta.

Da yamma muna zaune tana juya tukunya, ta ce, "Yaya, ran da Inna ta tafi da ni, kin yi kuka?"

Tambayar da na ƙetare teku dominta ke nan. Amma bakina ya saba da hanyarsa. Na ji kaina ina cewa, "Taliyar nan za ta kama."

Ta sauke tukunyar. Muka ci, muka yi sallah.

Rana ta uku ita ce mai wuyar. Da gora uku muka tashi, tawa ɗaya, nata biyu, da niyyar za mu cika a wani shago da ta gani a taswirar waya. Na yi alwala da ruwan, na kuma jiƙa tsummana, don har lokacin ban haƙura da dabarar randa ba. Da muka isa shagon, wata mata ce zaune a ƙofar tana fifita, kantocin ba komai. Ta ce meyo. Kalmar nan ko ni na san ta, babu ke nan.

Muka ci gaba. Ƙishi na damuna amma ban faɗa ba, kada ta ga na zame mata kaya. Ina kurɓa kaɗan-kaɗan. Abin da ya ba ni mamaki, duk sanda na sauka gyaran sarƙa na dawo, sai in ga gorata kamar ba a taɓa ba. Har na ce a raina ruwan nan akwai albarka. Ban kawo komai ba. Ashe ita ke juye mini nata in na ba da baya. Ni ina yi mata kara, ita tana yi mini, ba wanda ya buɗe baki.

Wajen azahar hanyar ta shiga tsakanin duwatsu biyu da aka fasa wa jirgi. Babu iska ko kaɗan, kwalta na mayar da zafi sama. Ba kowa, don mutanen ƙasar barci suke a wannan lokacin, manomin jiya abin da yake gaya mana ke nan. Na lura kekenta na tangaɗi. Ta tsaya ta sauka, ta ce mini wani abu da Sinanci, ni da ban ji ba. Na dubi fuskarta, babu gumi ko ɗigo, alhali ni kamar an tsamo ni a kogi. Ta zauna a ƙasa, sannan ta kwanta a hankali kamar mai jin barci.

Na taɓa goshinta, kamar murfin tukunya. Na jijjiga gorunanta, duka biyu wayam. Nan na gane albarkar ruwana. Na zuba mata sauran a fuska da wuya, na ce, "Ke. Ke, tashi." Idonta a rufe. Wayarta a kulle take, ko da a buɗe take ban san wa zan kira ba. Na yi salati, na tsaya na duba gaba da baya. Baya na san abin da ke can, babu komai sai shagon meyo. Gaba kuma, a ƙarshen duwatsun, na hango wani abu tsaye, ganye ya naɗe shi har wuya. Hannun ne kawai ya fito. Sigina.

Na watsar da abin da ya rage a akwatin kekena. Na kama ta ta hammata na ja. Yarinyar da rabona da ɗaukarta tun tana wata ashirin, yanzu ta fi ni tsawo. Ban san yadda na yi ba, na dai ga ta a ciki, ƙafafunta na reto. Na cire mayafina na yi mata rumfa, na bar kekenta a yashe, na hau. Sarƙa ta zame sau ɗaya, na mayar, har ta yanke ni a hannu. Ina tuƙi ina tunanin, in fa wannan tashar an rushe ta? In fa su ba haka suke jera nasu ba? Na wuce siginar, hanya ta yi kwana, sai ga dakalin tasha da wata babbar bishiya mai saiwoyi na zubowa daga sama. Ƙarƙashinta wata tsohuwa da tsoho na zaune a kujerun gora.

Ban san kalmar taimako ba, ba a kuma buƙace ta ba. Tsohuwar na ganin ƙafafun ta miƙe. Muka kwantar da ita a kan dakali. Tsohon ya jawo ruwa a rijiyar bayan tashar, bokiti bayan bokiti, sanyi ƙarara, muna kwarara mata. Sannan ya koma gefe yana waya da ƙarfi. Tsohuwar ta sa ni fifita, ita kuma ta kawo cokalin tangaran da ɗan mai ta riƙa kankare mata bayan wuya har wurin ya yi ja. Ko a cikin tashin hankalin sai da na tuna ƙahon wanzamai.

Ba ta farka ba. Tsohuwar ta tattaɓa mata kunci tana kiranta da yarensu. Shiru. Sai ta nuna ƙirjinta ta faɗi wani suna. Ta nuna ni. Na ce Asabe. Ta nuna yarinyar.

Na kawar da kai.

Ta sake nunawa, ta ɗaga gira. Ina ganin abin da take tunani, wace irin mata ce wannan, ta ɗauko yarinya a keke ba ta san sunanta ba. Ta yaya zan yi mata bayanin gidanmu da hannu? Ba ta jira ba. Ta kama ƙeyata da hannunta mai ƙarfi kamar na maƙeri, ta sunkuyar da ni har bakina ya taɓa kunnen yarinyar.

Sunan na nan a bakina shekara ashirin da shida, ban taɓa jin yadda yake da muryata ba. A hankali ya fito.

"Sa'adatu."

Na sake faɗa. A na uku fatar idonta ta motsa. Ta buɗe, ta dube ni kamar daga nesa, ta ce, "Na'am."

Ba a jima ba wata ma'aikaciyar asibitin ƙauyen ta iso a babur da akwatinta. Ta rataya ledar ƙarin ruwa a reshen bishiyar, ta yi ta faɗa, ba na jin yaren amma na san faɗa ne, kuma na san mun cancanta. Ta hana mu motsawa sai gobe. Tsohon ya je ya turo keken da kayanmu, har da tsumman gorata, ya miƙo mini shi da hannu biyu kamar wani abin daraja. Tsohuwar ta kawo wani baƙin shayi a kwano, ɗaci kamar maɗaci, ta tsaya a kanmu sai da muka shanye. Da na nuna zan yi sallah, ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakin sayar da tikiti na da. Daga baya aka fassara mini cewa tsohon a layin nan ya yi aiki har ya tsufa. Na kwaikwayi bugun guduma na kara kunne. Ya yi dariya, ya shiga ciki ya fito da tasa, doguwar ƙota, sak irin ta Baba.

A nan tafiyar ta ƙare, ba mu kai inda aka nufa ba. Da safe muna zaune a bakin dakali muna jiran motar da za ta mayar da mu, ƙafafunmu na reto a kan tsohon ƙarfen.

"Jiya na ji wani abu," ta ce. "Ban sani ba ko mafarki ne."

"Zafi yakan sa mutum ya ji abubuwa."

"Da muryarki na ji."

Na dubi layin. Sannan na ga in na sake yi wa ƙarfe magana, to na yi asarar zuwa. Na juyo na dube ta.

"Na yi kuka," na ce. "A bayan rumbu, inda ba mai gani. Sati biyu. Da zanen goyonki nake kwana, har kakarki ta wajen uba ta gane ta ɓoye shi."

Ta ɗauki hannuna ta duba inda sarƙa ta yanka, ta daɗe tana dubawa.

"Babbar Sallah hutunmu sati biyu ne in na roƙa," ta ce.

"Ɗakin Inna an zuba buhuna, amma za a kwashe."

"Ba ɗakin Inna na tambaya ba. Gadonki zai ɗauki mutum biyu?"

"Tantin nan ma ya ɗauka."

Hajiya Rabi da ta ga yadda na yi baƙi ta ce, "To, me kika saro?" Na ce mata kayana sai da Sallah za su iso.

Sun kuwa iso, da jakunkuna biyu. Na sake katifa kafin ta zo. Har yau Yaya take ce mini, ni ma "ke" nake cewa, bakin da ya saba ba ya sakewa a kwana huɗu. Sunan a rana ɗaya na faɗe shi, a wuri ɗaya na rubuta shi, yana can sama a cikin labarin nan. Wannan karon ban bar layin fari ba.